Sanyi Daban, Ɗari Daban: Abin Da Kawu Ya Gani A Tafin Hannunsa

Yau daga gida nake muku magana, daga Lolo ta ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi. Ga wanda bai san wurin ba, muna dab da inda kogin Kwara ke shigowa Najeriya. Ka ɗan matsa kaɗan kana ƙasar Benin, wajen Madekali da Malanbil, gaba kuma ga Gaya ta Nijar. Idan kun ji ƙarar injin jirgi a bayan muryata ku yi haƙuri, mutane ne ke neman abinci.

Abin da ya jawo maganar yau, wani abokina ne da ke karatu a Amurka ya aiko mini da saƙon murya a ƙarshen watan Satumba. Ya ce jiya da azahar da 'yar singileti yake yawo yana fifita, la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa da tsawa na kamar awa ɗaya, da safe kuwa sai da ya nemo rigar sanyi daga ƙasan akwati. Sama ta yi garau, iska ta juya, zafin ya ɓace kamar an zare shi. Sai yake tambayata, wai haka hunturu ke shigo mana a gida shi ne bai taɓa lura ba, ko kuwa wannan wani abu ne daban?

Zan ba shi amsa. Amma bari in fara da tona wa kaina asiri, don amsar a cikin abin kunyata take.

Shekarun baya ina aji biyu a jami'a na zo hutu gida, tsakiyar watan Oktoba. Kun san ɗalibi idan ya dawo gari da sabuwar waya da ɗan Turanci a baki, kowa jahili ne sai shi. Inna tana da 'yar gonar shinkafa a gefen fadama, wadda Allah ya sa ruwa bai ci ba a shekarar. An yanke, an buga, buhu goma sha huɗu na shanshera. Kuɗin kuma an riga an yi musu wuri tun ba su zo hannu ba, kayan ɗakin ƙanwata ne.

Kwanakin nan wani zafi ake yi mai naci. An fi mako ba a ga ruwa ba, sama wayam, amma kana zaune a inuwa gumi na bin bayanka. Sai wata asuba na farka na ji ina jan zane. Sanyi! Iska mai daɗi tana kaɗawa, har da ɗan tsuke jiki. Na fito tsakar gida na yanke hukunci: damina ta yi sallama, hunturu ya shigo. Na ce a baza shinkafar nan a fili kan tamfol a bar ta can ta riƙa kwana, a daina wahalar kwashewa kullum da yamma ana sake shanyawa da safe.

Kawuna, yayan Inna, masunci ne, bai taɓa zama a aji ba. Ya zo wucewa da filafili a kafaɗa ya tarar ina ta zuba bayani. Bai ce mini komai ba. Ya sunkuya ya shafi ciyawa, ya miƙo mini tafin hannunsa sharkaf.

Ya ce, "Ɗana, mi kag gani?"

Na ce, "Raɓa ce, Kawu."

Ya ce, "To wanga sanyi na, ba ɗari na ba. In dai raɓa na jiƙa hannu haka, ruwa bai yi bankwana ba."

Na yi dariya a zuci. Na ciro waya na nuna masa hoton rana fes ba girgije, har kwana biyar a jere. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce "Allah shi kyauta," ya gangara kogi abinsa.

Dare na uku, wajen ƙarfe biyu, iska ta taso daga gabas tana kaɗa kwanon rufi. Kafin mu kai fili da fitila ruwa ya kece. Mun tattara abin da za mu iya, amma shinkafar da ta kusa gama bushewa ta sha ruwa ta ƙoshi. Muka sake shanyawa ta bushe, sai dai da aka kai inji ta kakkarye, kusan rabi tsaki, wata ma ta sauya launi. Mai saye ya duba ya karya farashi, kuma ba za ka ce ya zalunce ka ba. Inna ba ta ce mini uffan ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Gadon da aka yi niyya dai ba shi aka saya ba.

Tun ranar nake son in san me Kawu ya gani a tafin hannunsa wanda ni da wayata ba mu gani ba. To mu ɗauko abin daga wajen abokina tukuna.

Ƙasashe irin su Amurka da Turai da arewacin Asiya suna zaune ne tsakanin iska iri biyu. Akwai mai tsananin sanyi da ke taruwa can ƙuryar arewa wajen ƙanƙara, akwai mai ɗumi da ke haurowa daga kudu. Idan suka haɗu ba sa cakuɗuwa nan take. Wanda ya taɓa ganin inda rafi mai laka ya faɗa babban kogi ya san yadda ruwan biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraye. Haka iska take yi.

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Saboda haka idan ita ce ta yunƙuro, ba ta sama take bi ba, ƙasa take shararowa, ta kutsa ƙarƙashin mai ɗumin ta ɗaga ta, kamar yadda mai waina ke zura cokali ƙarƙashin waina ta cira ta daga tanda. Ita kuma mai ɗumin da aka cilla sama sai ta huce, danshin da ke cikinta ya dunƙule ya zama girgije, ya sauko ruwa, sau da yawa har da tsawa. Wannan shi ne ruwan la'asar ɗin abokina. Da layin ya wuce kanka, ka koma cikin iska mai sanyin kenan: iska ta sauya inda take fitowa, sama ta washe, danshi ya ragu, zafi ya faɗi. Wani lokaci ya faɗi da digiri 10 ko fiye cikin 'yan awoyi.

Me ya sa a farkon kaka suka fi jin abin? Wajen 22 ko 23 ga Satumba rana ke tsallaka tsakiyar duniya ta karkata kudu. Daga nan dare ya fara fin rana tsawo a can arewa mai nisa, sanyi ya fara taruwa yana ƙarfi, alhali ƙasar da ke kudu da shi ba ta gama hucewa daga zafin da ta sha ba. Bambancin ya yi yawa, shi ya sa turawar farko ke ba mutum mamaki.

Sunan da masana suka ba wannan layi ma yana da labari. Wasu masana yanayi ne a birnin Bergen na ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu, suka fito da bayanin wajen 1919, Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba. Da suka ga rundunar iska biyu sun ja layi suna ture juna, sai suka ara masa sunan bakin daga. Ni ma haka zan kira shi, bakin dagar sanyi. Idan kun ga taswirar hasashen yanayi ta ƙasashen waje da wani shuɗin layi mai haƙora kamar na zarto, shi ne, haƙoran kuma suna nuna inda ya dosa.

To mu fa?

Mu ma iska biyu gare mu, mu ma akwai layi a tsakani. Amma faɗan namu ba na zafi da sanyi ba ne, na danshi da bushewa ne. Ɗaya tana tasowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ita ce uwar damina. Ɗayar tana gangarowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya ƙamas. Ita ce hunturu. Inda suka yi karo masana na taƙaita sunansa da ITD, ni kuwa ɗan bakin boda ne, iyakar iska nake ce mata. Iyaka ce da ba kwastan ba shinge, kuma ba ta zama wuri ɗaya.

A watan Janairu tana can ƙasa kusa da bakin teku, wajen su Legas da Kwatano. Rana na haurowa arewa tana biye da ita a baya, har a watan Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa, ta wuce Agadas. Mu nan Lolo muna tsakanin digiri 11 da 12. Kenan sau biyu take bi ta kanmu a shekara, da bazara tana hawa, sannan wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba tana komawa. Wata shekara ta yi sauri, wata ta yi nawa.

Yanzu ku ba ni kunnenku da kyau, don nan ne na faɗi jarrabawa. Ruwan sama ba a kan iyakar yake zuba ba. Iska mai laimar nan siffar bakin gatari gare ta, kaurinta yana can kudu, tana sirancewa tana matsowa arewa. Kusa da iyaka 'yar shimfiɗa ce kawai a ƙasa, busasshiyar iska na zaune a kanta. Girgijen da zai yi ruwan kirki yana son laima mai kauri da zai yi tsawo a cikinta, shi ya sa ruwa na sosai yana can ɗaruruwan kilomita kudu da iyakar. To idan iyakar ta juyo tana komawa, ruwa ne ke fara barinmu, laima kuwa tana nan ba ta tafi ba. Sai a samu 'yan makonni ba girgijen da zai tare rana, ranar kuma da sauran ƙarfinta, don a watan Agusta take tsaye cak a kan Lolo, ga danshi ya hana gumi bushewa. Wannan zafin da ke biyo bayan damina shi ne tsofaffi ke kira agazari. Da yawanmu matasa ba mu ma san kalmar ba, cewa kawai muke "wannan wane irin zafi ne a Oktoba?"

Abin lura a agazari shi ne ƙofar ruwa an tura ta ne, ba a kulle ba. Laimar ta yi siriri amma tana nan, kuma zafin rana yana iya dafa ta hadari ya tashi. Hadarin ƙarshen damina kuwa kun san halinsa, iska ta fi ruwan yawa, shi ke kwantar da dawa ya yaye rufi.

To sanyin da na ji da asubar nan daga ina? Da na fahimci yadda hadari ke aiki sai na gane abin da ya fi kama da gaskiya. Idan ruwa na saukowa daga girgije, wani sashe nasa yana komawa tururi tun a hanya, wannan kuma yana sanyaya iskar da ke wurin. Iskar ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, ta bazu tana shararowa gaba. Kowa ya san ta, ita ce iskar nan mai sanyi da ƙanshin ƙasa da ke riga ruwa isowa, wadda ke sa mata rugawa kwashe shanya. Takan yi tafiya mai nisa ta kai garin da ko ɗigo ba a yi ba. In kun lura, wannan ƙaramin bakin dagar sanyi ne, irin na abokina, sai dai na 'yan awoyi. Wato an yi ruwa a wani wuri gabas da mu cikin dare, mu kuma sanyinsa ya iso mana. Abin da na ɗauka shaidar mutuwar damina ashe numfashinta ne.

Raɓa kuma fa? Da dare ciyawa da ƙarfe da katakon jirgi suna hucewa. Idan suka huce har iskar da ke taɓa su ta kasa riƙe danshinta, sai ta sauke shi a kansu. Raɓa mai yawa na nufin iska cike take da laima, wato har yanzu kana kudu da iyaka, a ɓangaren damina. Abin da ya ɗaure mini kai da na karanta shi ne, su kansu masanan idan za su zana inda iyakar take a taswira, ɗaya daga cikin manyan ma'aunansu shi ne matakin sanyin da iska ke fara sauke raɓa. Inda ya kai wajen digiri 15, nan suke jan layi. Su da na'ura, Kawu da tafin hannu, abu ɗaya suke aunawa.

Amma kar wani ya ce na ce raɓa alkawarin ruwa ce. A'a. Cewa kawai take ba a kulle ƙofa ba. Kuma mu na bakin kogi sai mun yi hattara, don kogin kansa yana ba iskar gefensa danshi, raɓa kan daɗe tana sauka a fadama bayan ta ɗauke a tudu. In za ka gwada, ciyawar tudu za ka shafa. Wayar ma ban ce a jefar ba. Hasashen da ke cikinta na babban yanki ne, hadari guda da zai tashi cikin dare a ƙarshen damina yana iya kuɓuce masa. Laifina ne da na ɗauki hoton rana kamar rantsuwa.

Ku dubi yadda Hausa ta raba abin tun tuni. Sanyi shi ne mai laima, na bayan ruwa, na ɗaki mai danshi. Ɗari shi ne busasshe, mai iska, mai tsaga leɓe. Mu ne muka haɗe su muka koma kiran komai sanyi.

Ranar da iyakar ta wuce ka da gaske ba sai an faɗa maka ba. Iska ta koma fitowa daga arewa maso gabas. Wanki ya bushe kafin ka gama shanya na ƙarshe. Gishirin da ya yi ta dunƙulewa duk damina ya warware. Ƙofar katako da ke cijewa ta koma buɗuwa salin alin. Leɓe ya fara tsagewa, a fara neman man kaɗanya saboda faso. Shamuwa ta riga ta yi gaba, gawo kuwa da ya yi damina tsirara ya fara fitar da ganye, shi dama komai nasa a juye yake. Sai dai kwanakin farko iyakar kan yi ta kai da komo, yau bushewa, jibi laima ta ɗan dawo, kafin ta wuce gaba ɗaya.

Tambayar da na san wani zai yi: iskar da ta fito daga hamada, me ya haɗa ta da sanyi? Danshin da ke cikin iska bargo ne. Da rana ƙasa na shan zafi, da dare tana mayar da shi sama, laima da girgije kuma su tare wani sashe su dawo mana da shi. Shi ya sa daren agazari ba ya barci. Da busasshiyar iska ta zo, an yaye bargon kenan, zafin ya tsere sama ba mai tare shi. Sai ka ga da rana an haura digiri 30, da asuba kuma an sauko ƙasa da 20, wasu darare a Disamba da Janairu har a kusanci 15. Na biyu, busasshiyar iska na zuƙe danshin fatarka, duk inda ruwa ya bushe kuma sanyi yake bari. Dalilin da ya sa ruwan randa ke kashe haƙori da hunturu kenan. Na uku, idan hazo ya yi kauri yana rage ƙarfin rana. Kun ga bambancin? Nasu sanyin kawo musu shi ake yi a ɗauke. Namu, yawancinsa a nan ake yinsa cikin dare, bayan an kwashe laima.

Na ce yawancinsa, don akwai inda labarin abokina da namu suka haɗu, kuma wurin ya fi burge ni. Kun lura hunturu ba ya zuwa bai ɗaya? A yi kwana uku ko biyar ana jaura da hazo, ko masallacin unguwa ba ka hangowa sosai, sai ya lafa, bayan mako ɗaya ko biyu ya sake tasowa. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne, wani bakin dagar sanyi ya ratsa Bahar Rum, iska mai sanyi da nauyi ta kwararo bayansa ta sauka kan Aljeriya da Libiya da Masar. Ta taru ta yi nauyi, ta fara turowa kudu. A arewacin Chadi akwai duwatsu biyu, Tibesti da Ennedi, da rata a tsakaninsu. Iskar ta matse ta wannan rata kamar ruwa a ƙaramin kwalbati, ta fito da gudu, ta faɗa wani kwari da ake kira Bodele. Kwarin nan ƙasan wani tsohon tafki ne, tun zamanin da Tafkin Chadi ke da girman gaske. Ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru, kuma ana lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso arewacin Najeriya. Farin da kuke gani a gashin ido da kan babur, ƙasan tsohon tafki ne.

A farkon Maris na 2004 an ga wannan ƙarara a hotunan tauraron ɗan'adam. Iska mai sanyi ta tsallako duwatsun arewacin Afirka, ta tayar da bangon ƙura mai tsawon dubban kilomita, ya share Afirka ta Yamma har bakin teku. Ƙurar Sahara ma ba a nan take tsayawa ba. Wani binciken hukumar NASA da ya fito a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 182 ke barin Afirka ta kan teku duk shekara, wajen tan miliyan 27 kuma na sauka a dajin Amazon, ta zame masa taki.

Saboda haka abokina, amsarka: ba abu ɗaya ba ne, amma 'yan uwa ne. Shigowar hunturu aikin iyakar iska ce. Tasowar jaura a tsakiyarsa kuwa sau da yawa wutsiyar irin abin da ka gani ce, ta iso mana ba ruwa ba tsawa, sai ƙura.

Yanzu me wannan ke nufi ga mai shinkafa a ƙasa? Muddin ana agazari, kwashe kayanka kullum da yamma, ko ka tattara ka rufe. Ba ruwa kaɗai ba, raɓar kanta ɓarna ce. Ƙwayar shinkafa da ta bushe idan ta sake shan danshi tsagewa take yi a ciki, ido ba ya gani, sai a inji asiri ke tonuwa. Abin da ya sami ta Inna kenan. Masu harkar suna neman danshin ƙwaya ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari kafin a adana, iyayenmu kuma da haƙori suke gwadawa, su ji ta ce ƙas. Idan ɗari ya shigo kuma matsalar juyawa take. Wadda aka bari a gona ta wuce lokaci zubewa take tun a tsaye, wadda aka bari a rana fiye da kima ita ma karyewa take. Ga wuta. Tarin shinkafa a gona da busasshiyar iska, guntun taba ɗaya ya isa.

Masu noman rani su ma lissafin ya shafe su. Alkama da albasa suna son daren ɗari, shi ya sa ake son alkama ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Shinkafa kuwa ba ta son ta fitar da kai a tsakiyar jaura, sai ka ga zangarniya tsaye kyakkyawa, ka murza ka ji ƙaiƙayi.

Kogi kuma nasa daban. Baƙo kan yi mamakin ganin Kwara na ƙaruwa a tsakiyar rani ba a yi ko yayyafi ba. Ruwan da aka yi ne can tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake iso mana. Wato lokacin da ruwa ke da yawa da sanyi shi ne lokacin da hazo ke rufe ido. Direban jirgi ba ya hango kututture ko wani jirgin sai ya zo dab, wanda ya faɗa ruwa da asubar hunturu kuma jikinsa kan mutu da wuri ko da gwanin iyo ne. Hukumar NiMet takan fitar da gargaɗin hazo, ana karantawa a rediyo. In kun ji, don Allah a rage lodi, a bar tafiyar dare da ta duku-duku, wanda ya sami rigar kariya ya sa, ba ƙauyanci ba ne.

Abu ɗaya da ba zan rufe shirin nan ban faɗa ba shi ne garwashi. Duk shekara sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari ba su tashi ba. Gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara maka har ta gama da kai. A ji ɗumi a waje ko a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Ga masu jarirai da tsofaffi a gida, wannan ta fi duk bayanin Bodele da na yi muhimmanci.

Kawu ya tsufa yanzu, yara ke fita da jirgin. Jiya na je gaishe shi ya ce, "Malamin sama, mi wayarka tac ce bana?" Sunan da ya raɗa mini kenan tun waccan shekarar, kuma ya bi ni. Na ce ta ce rana, Kawu. Ya ce, "Kai kuma mi kac ce?" Na ce sai na shafa tukuna.

Yau da asuba bayan salla na hau tudu bayan gari na shafa. Hannu ya jiƙe. Shinkafar Inna tana cikin rumfa a rufe, ni da kaina na kwashe ta jiya da magariba.

Ku ma ku gwada gobe da asuba a garinku, ku aiko mini da sunan garin da abin da hannunku ya gaya muku. Ina son mu ga ko za mu iya bin sawun iyakar nan tare, daga Agadas da Maraɗi, ta Sakkwato da Birnin Kebbi, har ranar da za ta iso Lolo ta wuce Kaoje. Sai mun haɗu a shiri na gaba.